Gaisuwar Bakin Lambu

Almustafa bai san jini yake zubarwa ba sai da wata budurwa ta gaya masa. Da hantsi ne, a bakin rijiyar da ke bayan lambunan albasa na Tawa, inda yakan tsaya ya kurɓi ruwa kafin ya juya zuwa kolej. Ya sunkuya kan guga ke nan ya ji murya a bayansa.

"Kai ɗan lakwal, wa ka korar ka?"

Ya waiwaya. Doguwa ce, baƙa, da ƙwaryar fura a ka, tana dubansa tun daga sama har ƙasa, irin duban da mutanen gari suke yi wa ƙato mai gajeren wando da ke sheƙa gudu ba gobara ba ɓarawo.

"Ba kowa," in ji shi.

"To mi kaka gudu?"

"Gudu dai nika yi."

"Awo, gudu dai. To dubi ƙahwarka. Tun daga lambun Baba nika bin sawunka, sai ka ce an yanka zakara an sake shi."

Ya duba. Tafin ƙafarsa ta hagu ya yi ja wur. Kafin ya ce wani abu ta sauke ƙwarya, ta nuna masa kututturen da ake ɗaure jakuna, ta ce ya zauna. Ta kwance hantsakin da ke ɗaure a bakin zanenta, ta kama ƙafar kamar ta saba da ita, ta zaro ƙayar aduwa mai tsawon gaɓar yatsa. Ta ɗaga ta sama ta nuna masa, tana jira ya yi ƙara. Bai ko motsa ba.

"Ba ka ji zahi ba?"

"Ban ji ba."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

"Kai ko itace na?" Ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don ta ga fuskarsa ba ta mai cika baki ba ce. Ta wanke wurin, ta yagi bakin tsumma ta ɗaure. "Sunana Kaltumi, ɗiyar Malam Yunusu mai lambu. Gobe in ka ga aduwa ka kewaya ta, Jimina."

Tun daga ranar sunan ya kama shi, don dogayen ƙafafunsa. Shi kuwa da ya rasa abin da zai rama da shi sai ya ce mata Lokotoro, wato likita, tunda ita ce ta fara yi masa aiki.

Gaskiya ya gaya mata da ya ce bai ji ba. Ya daɗe bai ji komai ba. An ɗauko shi daga Barmu yana ƙaramin yaro aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, mahaifiyarsa ta rasu tun bai san ta ba, mahaifinsa Ciɗo shi ne uwa shi ne uba. Yana tsakiyar karatunsa a kolejin horon malamai Ciɗo ya kwanta ciwo ya rasu. Dangi suka taru suka ce a ɓoye masa, kada ya gudo ya bar jarrabawa. Da aka yi hutu ya iso gida da guntun sabulun da ya yi ta tattali don tsohon, ya tarar da ɗaki a rufe. Baffansa Baƙo ya kai shi maƙabarta ya nuna masa wani wuri da ruwan damina ya riga ya shafe. An daɗe da tashi zaman makoki. Ba wanda ya shimfiɗa tabarma dominsa, ba wanda ya ce masa ina haƙuri, kowa sai dai ya ce ina karatu, wai kada a tayar masa da abin da ya wuce. Ya tsaya a bakin kabarin yana jiran kuka ya zo, kuka bai zo ba. Ya koma gida ya ci tuwo ya kwanta.

Daga nan abinci ya zama abin cika ciki kawai. A yabe shi ko a zage shi, duk ɗaya. Shekarun nan ne na farkon 'yancin kai, sabuwar tuta tana kaɗawa a farfajiyar kolej, ɗalibai suna ta gardamar wa zai zama kumandan wa zai zama minista, shi yana zaune cikinsu kamar wanda ya zo rakiya.

Mushe Haruna, malamin wasanni (Mushe laƙabi ne na Faransanci da ake kiran malaman lakwal da shi), Badamagare ne mai gajeriyar zuciya da dogon buri. Shi ya gano cewa yaron nan na Barmu ba ya gajiya. Ya sa shi cikin masu gudun dogon zango, wanda yake kira kuros, ya kuma dasa masa doka guda a ka.

"Mai kuros ba shi da kunne, ba shi da wuyan waiwaye. Ko wa ya kira ka, sai bayan ka tsallake layi. Ka ji?"

Dokar ta zo daidai da shi. Da zarar ya fita daga ƙofar kolej ƙafafunsa suka kama, sai duniya ta ɗauke ɗif, ba ya jin magana, ba ya gane fuska, numfashinsa kaɗai yake ji. Ba don yana son gudu yake yi ba. A nan ne kawai rashin jin komai yake da amfani. Ya cinye 'yan kolej, ya cinye samarin gari, har Mushe ya fara maganar Yamai, babban birni. A gasar da za a yi cikin sanyi, wanda ya zo na ɗaya shi zai wakilci Tawa a taron matasa na ƙasa, daga can kuwa Allah kaɗai ya san inda ƙafa za ta kai mutum. Shekarar ƙarshe ce ta Almustafa a kolej, in ta wuce shi ba wata.

Kaltumi kuwa ba ta san Yamai ba, ba ta kuma damu da ita ba. Ita dai kullum za ta kai fura sai ta bi ta rijiya, shi ma kullum sai ƙishirwa ta kama shi daidai nan.

"Lokotoro, yau ba ƙaya."

"To mi yak kawo ka?"

"Ƙahwata ta saba."

"Ƙahwa ɗai?"

Ya maida ido kan guga. Bai iya ƙarya ba, kuma bai da kalmomin da samari suke zubawa a dandali.

"Ban sani ba, Kaltumi. In na gan ki ba ni son tashi. Iyakar abin da nis sani ke nan."

"Ya isa na yau," in ji ta, tana gyara gammo. "Gobe ka ƙaro."

Ranakun da ba su haɗu ba, ƙawarta Habi mai sayar da ƙosai a ƙofar kolej ita ce gidan waya. Ba ta rage magana, ba ta ƙari, har muryar mai saƙon take kwaikwaya.

"Ta ce a hwaɗa ma Jimina shi riƙa duba ƙasa, don ƙahwar nan yanzu ba tashi ta shi ɗai ba."

"Ki ce mata na ji."

"Shi ke nan? Ɗiyar mutane ta aiko ka da zance haka, ka ce ka ji?"

Ya yi tunani har ƙosai ya fara huce.

"Ki ce mata na ji ƙwarai."

Habi ta tafa hannu ta ce Allah ya haɗa ƙawarta da dutse. Amma Kaltumi da ta ji, sai ta rufe fuska da mayafi, don ta san abin da ƙwarai ɗin nan ya ci masa.

Da zance ya yi nisa, Almustafa ya aika Barmu. Baffa Baƙo ya hau jakinsa ya zo, ya sayi goro, ya nemi wani dattijo ya raka shi gidan Malam Yunusu. Ba su daɗe ba suka fito, goron yana hannun Baƙo yadda ya shiga da shi. Ya sami ɗan nasa a bayan kolej ya zaunar da shi.

"Almu, kai wace irin kunya ta kaj ja muna? Akwai tsoho da ka zama gindin aduwa bakin lambu, hanyar da kaka bi kullum?"

"Ban lura ba, Baffa."

"Ba ka lura ba! To shi na uban yarinyar. Ya ce kullum sahiya kaka wuce shi rabin tsirara, ba ka tsaya ba, ba ka durƙusa ba. Ya ce shi da hurhurarshi shi ka hwara ce maka sannu, ko kallo bai ishe ka ba. Ya ce shina da magana da kai tun tuni, ba ka ba shi wurin yin ta ba. Na ce a kawo ka ka ba da haƙuri, ya ce gaisuwar da anka sa riga anka riƙo goro kowa ya iya ta, shi ta bisa hanya ce yar rasa. Ya ce wanda bai ga uba ba zaune, ba shi ba shi ɗiya tai."

Almustafa ya saurara har ƙarshe. Ya san abin da ya yi babba ne. A ƙasarsu ta Adar ko baƙo ne ya wuce dattijo sai ya rage tafiya ya rusuna, balle mai neman 'yarsa, wanda aka sani da tuɓe takalmi tun daga nesa. Ya san duk wannan a kansa. Ya lalubi cikinsa ko zai ji kunya ko tsoro, ya tarar da shi wayam kamar rumbu a ƙarshen bazara.

Kashegari Kaltumi ta riga shi zuwa rijiya, idonta a kumbure.

"Baba ya ƙi."

"To," in ji shi.

"To?" Ta sauke ƙwaryar har fura ta fantsalo. "Na kwana ina kuka, Inna na lallashi na, kai abin da za ka ce to? Almustafa, ka dube ni. In ba ka so na ka hwaɗi, in san inda nid dosa."

Ya dube ta. Ya ga hawayen, ya san akwai maganar da ya kamata ta fito daga bakinsa yanzu yanzu, amma bai san inda take ba. Ta jira shi iyakar jira, sa'an nan ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi, ba ta ce masa Jimina ba.

Sai ya ƙara kuskure a kan kuskure. A ganinsa, mutumin da ka ɓata wa rai, girmamawa ita ce kada ka sake nuna masa fuskarka, yadda suruki yake kauce wa hanyar surukinsa. Saboda haka ya bar hanyar lambu gaba ɗaya, ya koma bin ta Bambeye, inda ba kowa sai duwatsu da awaki. Tsohon ya ga ko a jikin yaron. Kaltumi ta yi ta zuwa rijiya tana tarar da jakuna.

Akwai kuma Tanimu, ɗan ajinsu, ɗan wani attajirin Maraɗi mai kanti a kasuwa. Shi ne na biyu a gudu kullum, kuma ba mugun yaro ba ne. Yana da fara'a, ya iya gaisuwa, in ya zo wuce lambu yakan dafa ƙirji ya ɗaga murya ko yana haki. Ya daɗe yana son Kaltumi, da ya ji ƙofa ta buɗe sai ya tura manyansa.

Habi ce ta kawo labarin, wannan karon ba kwaikwayon murya.

"Ta ce tunda har hanya ka sake, ta gane. Ta ce mutanen Tanimu sun kawo goro, Baba bai amsa ba bai maida ba, ya ce su dawo Jumma'a mai zuwa. Ta ce ba ta aiko don ka yi wani abu ba, don dai kar ka ji ga bakin wani."

"Na ji," in ji Almustafa.

Habi ta jira ƙwarai ɗin, bai zo ba. Ranar ya yi gudu har ya hango rumbunan Bambeye, ya dawo, ya ci abinci, ya yi aikin lissafinsa daidai.

Gasar ta faɗo kafin Jumma'ar. Manyan gari suka zauna a rumfa, 'yan lakwal suka jeru da ƙananan tutoci, makaɗa suka zo ba wanda ya gayyace su. Hanyar da Mushe ya shata ta fita gari, ta zaga tabki, ta bi ta bakin lambuna, ta dawo fili. Kafin a tashi ya jawo Almustafa gefe ya buɗe wata takarda. Fararen takalman gudu ne da ya sa aka kawo daga Yamai da kuɗin aljihunsa.

"Can ba a gudu da ƙafa tsirara. Gara ka saba tun yau."

Ya durƙusa da kansa ya ɗaure masa igiyoyin, ƙulli a kan ƙulli, don kada su kwance a hanya.

Aka busa usur. Kafin su bar gari Almustafa ya yi gaba, kafin su kai tabki ba ya ko jin takun na bayansa. Sai dai yau abin nan da yakan rufe shi bai zo ba. Takalman sun matse masa yatsu, ƙasa ba ta taɓa tafinsa yadda ya saba, hankalinsa ya ƙi tafiya. Yana jin kukan tsuntsaye, yana jin ƙarar keken Mushe da ke biye da shi a gefe, yana jin warin albasa. Da ya karyo kwanar lambuna sai ya ga aduwar, ya ga wani tsoho siriri zaune a kan buzu da carbi, ya ga wata doguwa tsaye bayan shinge da guga a hannu.

"Sannu samari," in ji tsohon, ba da ƙarfi ba, kamar wanda ya saba faɗa ba a amsa masa.

Almustafa ya wuce. Ya yi 'yan taku, sai ƙafafun suka tsaya da kansu. Bai yi shawara da kowa ba, ko da zuciyarsa. Ya juya ya dawo.

"Ale! Ale! Ci gaba! Almustafa, ka haukace?" Mushe ya taka burki har ya kusa kifewa.

Bai dube shi ba. Ya tsuguna nesa kaɗan da buzun ya kama igiyar takalmi. Ƙullin Mushe ya ƙi kwantuwa, sai da ya sa haƙori. Ya tuɓe na dama, ya tuɓe na hagu, ya ajiye su gefe, ya matso ya durƙusa, kansa a ƙasa.

"Baba, ina kwana."

Malam Yunusu ya dube shi, ya maida carbi aljihu a hankali.

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina ɗari?"

"Lokacinai na."

"Ina karatu?"

"Da godiya."

Tsohon bai tsallake ko ɗaya ba, kuma bai yi sauri ba. Ya tambayi Baƙo, ya tambayi mutanen Barmu, ya tambayi yadda gero ya yi a can bana. Suna kan gero Tanimu ya zo ya wuce, ya dafa ƙirji ya ce sannu Baba, idonsa kamar zai faɗo don mamaki. Wani ya wuce, wani ya bi shi, sai tarin sauran. Mushe ya jefar da keke ya riƙe kai. Almustafa yana jin takunsu yana nisa, yana jin Yamai tana tafiya tare da su, bai ɗaga kai ba.

Da gaisuwa ta ƙare tsohon ya ƙura masa ido.

"Kai na ɗan Ciɗo."

"Ni na, Baba."

"Tun ran da nih hwara ganin ka nig gane ka ga tahiyarka, tahiyarshi ta. Ni da ubanka tare munka yi cin rani, akushi guda munka ci. Ina kwance ba lahiya sa'ad da yar rasu, ban samu zuwa ba. Gaisuwarka na bisa wuyana tun sa'an nan, kullum ina son in sauke ta, kana wucewa." Ya gyara zama, ya sassauta murya. "Almustafa, ina haƙuri?"

Amsar kalma biyu ce, ko yaro ya san ta. Almustafa ya buɗe baki zai faɗe ta. Wani abu ya taso masa tun daga ciki, mai zafi, mai nauyi, ya ga ɗakin nan a rufe, ya ga guntun sabulu a hannunsa. Sai kuka ya ƙwace masa, ba irin na manya mai shiru ba, kuka sosai da sheshsheƙa da majina, a bakin hanya, da gajeren wando, a gaban uban budurwarsa.

Malam Yunusu bai hana shi ba. Ya ɗaga hannu ya yi wa Ciɗo addu'a, ya roƙa masa gafara da hasken kabari, suka shafa tare. Sa'an nan ya dafa kan yaron.

"Tashi ɗana. Tahi ka ƙare abin da kas soma."

Ya tashi ya zura, ƙafa tsirara, hawaye na bin wuyansa. Bai yi nisa ba ya taka ƙaya, ya ji ta har ƙoƙon kansa, kowane taku kamar ana soka masa allura. Ya ci gaba a haka. Ya kamo na baya, ya ratsa tarin, ya wuce wannan ya wuce wancan, 'yan kallo suka fara ihu tun daga bakin gari. Amma hanyar ta ƙare kafin ya ƙare aikinsa. Na uku ya zo. Tanimu, wanda ya zo na ɗaya, ya riga ya sha ruwa.

"Ka san abin da ka zubar yau?" in ji Mushe.

"Na sani, Mushe."

"Ina takalman?"

Almustafa ya dubi ƙafarsa. Ya baro su a gindin aduwa. Mushe ya juya ya tafi, ya daɗe bai sake yi masa magana ba.

Tanimu ne ya zo ya zauna kusa da shi a ƙasa, ya miƙa masa moɗa.

"Ni kullum ina gaishe da tsohon nan fa."

"Kana yi."

"Da na san tsayawa ake yi, wallahi da na tsaya." Ya yi dariya, dariyar wanda ya gane an riga shi. "To ni na tafi Yamai. Ka gaishe ta."

Ranar da motar da za ta kai Tanimu ta tashi, Almustafa yana tsaye a tasha yana ɗingishi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya ji baƙin ciki da kishi, ya ji har da haushin tsohon da ya tsaya tambayar gero. Ya san ba zai taɓa sanin ko da ya ci a Yamai ba, kuma wannan ya zauna masa a rai har tsufansa. Ya dawo ƙofar kolej ransa a ɓace, ya sayi ƙosai ya kai baki, sai ya tsaya. Akwai barkono a ciki, da ɗanɗanon albasa.

"Habi, kin sake hannu ne?"

"Yadda nika yi kullum na. Zamna, saƙo biyu gare ka." Ta gyara murya ta yi ta tsofaffi. "Baba ya ce wani yaro ya bar takalma wurinai, ba shi ajiyar kayan mutane. Ya ce a ce ma Baƙo shi zo shi amsa, in za shi zowa shi taho da goron nan da yak koma da shi."

Almustafa ya riƙe ƙosan bai ci ba bai ajiye ba.

"Na biyu hwa?"

Habi ta karya wuya ta yi muryar ƙawarta. "Ta ce a hwaɗa ma Jimina ta gani da idonta. Ta ce ba ta taɓa ganin ƙato mai mugun kuka irin nashi ba. Ta ce shi zo rijiya a cire mai ƙaya tun ba ta ruɓe ba, in ko ya sake ce mata to, da guga za ta buge shi."

"Ki ce mata ina son ta. Ki ce tun ran ƙayar hwarko nika son ta, ban san sunan abin ba na. Ki ce ta yahe mini kukan da nis sa ta."

"La ilaha illallahu," in ji Habi, ta dafe ƙirji. "Dutse ya yi magana. Tsare mini ƙosan ga, kar in mance rabi bisa hanya."

An ɗaura aure bayan ya gama jarrabawa, a ƙofar gidan Malam Yunusu. Baffa Baƙo ne wakilin ango, mutanen Barmu suka cika unguwa da jakuna. Mushe Haruna ya zo a makare, fuska a ɗaure, ya ajiye wani ƙunshi a gaban ango ya ce shi ba ya amsar kayan da aka yi kuka a kansu. Fararen takalman ne, waɗanda Almustafa ya maida masa bayan Baƙo ya amso su. Kafin a watse an gan shi yana cin goro da Malam Yunusu, yana ta ƙoƙarin fahimtar da shi mene ne kuros, tsohon yana ta cewa ikon Allah.

Gwamnati ta tura Almustafa koyarwa Takanamat, aka kai masa amarya can da guɗa, Habi ce a gaba. Takalman suna rataye a bango, don har yau ƙafarsa ba ta yarda da su ba. Da safe yakan fita da manyan ɗalibansa su zaga gari a guje, kuma duk Takanamat an san 'yan lakwal ɗin Mushe Almustafa da abu guda: in suka iso majalisar dattawa sai su tsaya cak su durƙusa su gaisa, sa'an nan su tashi su ci gaba.

Wata safiya ya shigo gida yana ɗaga ƙafa ɗaya. Kaltumi ta bar dakan da take yi, ta nuna masa wani turmi da ke kife, ta kwance hantsaki.

"Na hwaɗa maka ka riƙa kewaya aduwa."

"Ita ta ka biyo ni, Lokotoro."

Ta kama ƙafar ta ɗora a cinyarta, ta lalubi bakin ƙayar ta ja.

"Wash! Sannu mana, kashe ni za ki yi?"

Ta tsaya da hantsakin a sama tana dubansa.

"Ka ji?"

"Na ji mana! Har cikin raina."

"Alhamdu lillahi," in ji Kaltumi, ta sunkuyar da kai tana dariya, idonta ya cika da ƙwalla. "Riƙe da kyau, saura guntu."

Allah ya bar su tare, ya ba su zuri'a mai albarka, ya ji ƙan Ciɗo da duk iyayen da suka riga mu.